Kimiyya a Gareji: Yoyon Ruwa a Ɗakin Direban Tsohuwar Babbar Mota

Gabatarwa

A arewacin Jihar Kano, daga Ungogo da Dawakin Tofa zuwa Bichi da Tsanyawa ta hanyar Katsina, ko kuwa zuwa Ɗambatta ta hanyar Daura, da wuya mutum ya ga fili wanda ba gona ba. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin karkarar Kano tun daga shekarun 1960, ya nuna cewa ana noma gonakin wannan yanki shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba, kuma taki ne yake riƙe da su. A da jakuna ne suke ɗauko takin daga birni cikin mangala. A yau babbar mota ta karɓi kaso mai yawa na wannan aiki. Ita ke kai taki gona, ita kuma ke kwaso gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi zuwa kasuwar Dawanau.

Da yawa daga cikin waɗannan motoci sun kwana biyu a duniya. Akwai Mercedes-Benz 911 mai bodin katako, wadda kamfanin ANAMMCO na Inugu ya fara haɗa irinta a farkon shekarun 1980. Akwai motocin Fiat da kamfanin NTM ya haɗa a nan Kano cikin shekarun 1980, sannan ga DAF da MAN da Canter waɗanda aka shigo da su bayan sun gama aiki a wasu ƙasashe. Injin irin wannan mota yakan samu kulawa, domin idan ya tsaya abinci ya tsaya. Amma kan mota, wato ɗakin da direba yake zama, ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da ruwan sama ya fara ɗiga a gwiwar direba. Wannan darasi zai bayyana yadda ruwa yake shiga kan mota, da yadda ake gano mashigarsa, da yadda ake toshe ta. A cikin wannan ɗan aiki na gareji akwai darussan fiziks da kemistiri waɗanda ɗalibin sakandare yake karantawa a aji.

Yawan Ruwan da Rufin Mota Yake Karɓa

Daminar ƙasar Kano gajera ce. Takan faɗi a watan Mayu ko Yuni, ta ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, kuma watan Agusta ya fi kowane wata ruwa. Ruwan yakan zo da ƙarfi cikin ɗan lokaci, sau da yawa tare da iska mai tasowa daga gabas. Wannan ne dalilin da ya sa maginan gargajiya suke ƙara wa bangon gabas kulawa.

Ana auna ruwan sama da milimita. Milimita 1 na ruwan sama daidai yake da lita 1 a kan kowace murabba'in mita. Idan rufin kan mota yana da faɗin mita 2 da tsawon mita ɗaya da rabi, girmansa murabba'in mita 3 ke nan. Ruwan sama mai milimita 40, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, zai zuba lita 120 a kan wannan rufi, wato jarka shida mai cin lita 20. Duk wannan ruwa dole ne ya gangara ta gefen gilashi da bakin ƙofa kafin ya kai ƙasa. Idan ɗigo ɗaya kawai yake samun shiga a kowace daƙiƙa, a cikin awa guda an tara kimanin mililita 180, wato kusan cikin ƙaramin kofin shayi. Hausawa kan ce da yayyafi kogi kan cika.

Abubuwa Uku da Suke Tura Ruwa Ciki

Na farko shi ne nauyin ruwan kansa. Ƙasa tana jan kowane abu zuwa gare ta, saboda haka ruwa yakan bi gangare har ya samu kafa. Abin lura a nan shi ne, ruwa ba ya faɗowa a daidai inda ya shiga. Duk wanda ya taɓa zama a soro mai yoyo ya san cewa ruwa yakan shiga ta tsagar da ke kusa da indararo, ya bi jikin azara, sannan ya ɗigo a tsakiyar ɗaki. Haka yake a mota. Ruwan da ya shiga ta ramin fitilar rufi yana iya bin cikin ginshiƙin da ke gefen gilashin gaba, ya ɓullo a ƙarƙashin ƙafar direba, fiye da mita guda daga mashigarsa.

Na biyu shi ne tsotson siririyar kafa, wanda masana suke kira kafilariti. Shi ne yake sa kananzir ya hau lagwanin fitila, shi ne kuma yake sa danshi ya hau gindin katanga da damina. Ƙwayoyin ruwa suna manne wa juna, suna kuma manne wa jikin abin da suka taɓa. A cikin ƙuntatacciyar tsaga wannan mannewa takan rinjayi nauyin ruwan, sai ya yi sama. Wani likita ɗan Ingila mai suna James Jurin ya bayyana a 1718 cewa iyakar ƙuntatar kafa iyakar nisan da ruwa zai hau a cikinta. Tsakanin gilasai biyu masu tsabta, idan tazararsu rabin milimita ce, ruwa zai hau kimanin santimita 3. Idan aka rage tazarar zuwa kashi ɗaya cikin goma na milimita, zai hau kimanin santimita 15. A jikin fenti da roba hawan bai kai haka ba, amma ƙa'idar ba ta canza ba. Ma'anar wannan ita ce, tsagar da ido ba ya gani tsakanin roba da gilashi ta isa ta ɗauki ruwa ta haura da shi, ta sauke shi a cikin mota.

Na uku shi ne matsin iska. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana fuskantar matsi a goshinta wanda ya isa ya ɗaga ruwa kusan santimita 3. Idan gudun ya ragu zuwa kilomita 40, matsin ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa, domin idan gudu ya ninka sau biyu matsi yakan ninka sau huɗu. Bugu da ƙari, iskar da ke wucewa ta gefen taga tana zuƙo iskar da ke cikin mota, musamman idan an ɗan sauke gilashi, sai sabuwar iska ta shigo ta kowace kafa tare da ruwan da ta tarar a bakinta. Wannan ne ya sa wata motar ba ta yoyo idan tana tsaye, sai an hau titi.

Abubuwan da Suke Buɗe wa Ruwa Hanya

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A jikin tsohuwar mota abubuwa huɗu ne suke tsaga bangon.

Na farko tsufan roba. Tun da Charles Goodyear ya gano yadda ake dafa roba da farar wuta a 1839, roba ta zama abin toshe kafofi, saboda idan aka matsa ta takan koma siffarta. Amma hasken rana da zafi da iskar ozon suna tsinka dogayen ƙwayoyin da suka haɗu suka zama roba, sai ta bushe, ta ƙanƙance, ta yi tsaga-tsaga kamar kaushin ƙafa. Daga shekarun 1960 aka fara amfani da wata roba mai suna EPDM wadda ta fi jure rana, amma ita ma tana da iyaka. Robar da ta shekara ashirin tana shan ranar bazara ta Kano ba ta da sauran taushin da za ta rufe kafa.

Na biyu miƙewa da ƙanƙancewa. Ƙarfe yana ƙara tsawo idan ya yi zafi, gilashi ma haka, amma ba daidai suke ƙaruwa ba. Idan zafi ya ƙaru da digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, kamar yadda yakan faru ga ƙarfen mota tsakanin asuba da azahar, firam ɗin ƙarfe mai tsawon mita ɗaya da rabi zai ƙaru da kimanin kashi 7 cikin 10 na milimita, gilashi mai wannan tsawo kuwa da ɗan abin da ya wuce rabin milimita. Bambancin ƙarami ne, amma kullum yake faruwa. Sabuwar roba tana bin wannan motsi, tsohuwa kuwa sai ta saki.

Na uku girgiza. Hanyar burji mai gargada da ramuka tana murɗa kan mota, balle idan robobin da kan yake zaune a kansu sun mutu. Wannan murɗawa tana tsaga danƙon da kamfani ya shafa a mahaɗar ƙarafa, tana kuma sa ƙofa ta zauna, ta daina haɗuwa da robarta daidai. Ɗora kaya ko zaman mutane a kan rufi yakan lotsa shi, ya zama kwano mai tara ruwa.

Na huɗu tsatsa. Tsatsa tana samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin a lokaci guda. Idan aka rasa ɗaya daga cikin biyun, ƙarfe ba zai yi tsatsa ba. Ruwan da gishiri ya narke a ciki yana hanzarta aikin, kuma takin zamani irin NPK yana ɗauke da gishirori, yuriya kuwa tana jan laima daga iska. Saboda haka buhun takin da aka ajiye a bayan kujera abokin gaba ne ga ƙasan mota. Daɗin daɗawa, tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma ninki biyu ko fiye, don haka idan ta kama a ƙarƙashin robar gilashi sai ta kumbura ta ɗaga robar. Ruwa ya haifi tsatsa, tsatsa kuma ta faɗaɗa wa ruwa ƙofa.

Akwai kuma wani abu da yake na wannan yanki. Masu ƙera mota ba su yi nufin hana ruwa shiga ko'ina ba. Ruwa yana shiga cikin ƙofa ta gefen gilashi, yana kuma shiga kwarin da ke ƙarƙashin gilashin gaba inda waifa take, amma an bar masa ƙananan ramuka na fita, waɗanda suke aiki irin na indararo. Da rani ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da ganyen darbejiya suna taruwa a waɗannan wurare, zanzaro kuma yakan gina ɗakinsa na laka a cikin ramukan. Da ruwan farko ya sauka sai ƙurar ta zama taɓo, ramuka su toshe, ruwa ya taru har ya tsallaka ciki.

Ba Kowane Ruwa Ne na Sama Ba

Kafin a zargi rufi, wajibi ne a tabbatar da irin ruwan da aka gani, domin ruwa ba ya tsami banza. A ɗiba shi da farin ƙyalle a duba. Ruwan sama ba shi da launi, sai dai ya ɗauko ƙura ko tsatsa, kuma bayan an yi ruwa ko an wanke mota ake ganinsa. Motocin da aka shigo da su daga Turai suna da ɗan ƙaramin lagireto a ƙarƙashin dashbod don ɗumama ɗaki. Idan ya fashe, ruwan da zai zubo yakan kasance da ɗumi, kuma ruwan babban lagireto zai riƙa raguwa. Idan an zuba masa maganin sanyaya inji zai yi launi da santsi da ƙanshi mai zaƙi-zaƙi. Kada a ɗanɗana shi, domin guba ne. Motar da ke da na'urar sanyaya ɗaki takan zubar da ruwa mai sanyi a ciki idan bututun fitar da shi ya toshe, ko da ba a yi ruwan sama ba.

Wanda ya fi kowanne hatsari shi ne ruwa mai maiƙo da ake gani a kusa da fedar birki ko ta kuloci, wanda yake cin fenti. Wannan man birki ne, ba yoyon rufi ba. Motar da aka ga haka a cikinta ba ta da halin hawa titi sai makanike ya duba ta.

Yadda Ake Bincike

Mataki na farko tambaya ce. A tambayi direba da yaron mota: yaushe ruwan yake shiga? Idan sai mota tana tafiya, a zargi robar gilashin gaba da ramukan ƙasa inda taya take watso ruwa. Idan sai tana tsaye, a zargi rufi da magudanan da suka toshe. Idan sai an ajiye ta a karkace, ko gefe guda yana fuskantar gabas, to wannan gefen za a fara dubawa.

Mataki na biyu shi ne a kwashe kafet da tabarmar roba da duk abin da ke ƙarƙashin kujera, a bar ɗakin ya bushe sarai a rana. Ba a gane mashigar ruwa a wurin da yake jiƙe ko'ina. Bayan ya bushe a nemi sawun ruwa. Ƙurar da ke kwance a jikin ƙarfe tana taimakawa ƙwarai, domin ruwa yakan bar layi a cikinta, wani lokaci da jan tsatsa. A bi layin zuwa sama har inda ya faro. Idan babu sawu, a barbaɗa garin alli ko hoda a wuraren da ake zargi.

Mataki na uku shi ne gwaje-gwajen da ba sa bukatar ruwa. A saka takarda tsakanin ƙofa da robarta, a rufe ƙofar, sannan a ja takardar. Idan ta fito salin-alin ba tare da turjiya ba, robar ba ta matse a wannan wuri ba. A zagaya ƙofar duka da wannan gwaji. Da dare kuma mutum ɗaya ya haska tocila mai ƙarfi daga ƙarƙashin mota da cikin ɗakin inji, ɗaya yana ciki yana duba inda haske zai ɓullo. Motar da fankarta take aiki ana iya rufe ƙofofinta da tagogi, a kunna fankar da ƙarfi tana jawo iskar waje, sannan a shafa ruwan sabulu a gefen gilashi daga waje. Inda kumfa ta taso, nan iska take fita, nan kuma ruwa yake shiga.

Mataki na huɗu shi ne gwajin ruwa, kuma aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana ciki da tocila, ɗaya yana waje da buta ko garwar ban-ruwa. Ba a bukatar injin wanke mota, domin ƙarfinsa yakan tura ruwa ta wurin da ruwan sama ba zai taɓa shiga ba, sai a kama mara laifi. Ƙa'idar gwajin ita ce a fara daga ƙasa a yi sama: gindin ƙofa, sannan gefenta, sannan kwarin waifa, sannan gindin gilashin gaba, sannan samansa, rufi kuma a ƙarshe. Dalili kuwa shi ne, ruwan da aka zuba a rufi zai jiƙa duk abin da ke ƙasa da shi, ba za a san wanne ne ya yi yoyo ba. A dakata minti uku zuwa biyar a kowane wuri, domin tsotson siririyar kafa ba ya gaggawa. Inda ɗigo ya bayyana a yi alama da alli, amma kada a tsaya nan, a ci gaba har rufi, saboda tsohuwar mota ba kasafai take da kafa ɗaya tak ba.

Wannan tsari shi ne ainihin hanyar binciken kimiyya: a lura, a yi zato, a gwada abu ɗaya a lokaci guda, a rubuta sakamako. Bayan gyara kuma a maimaita gwajin don a tabbatar.

Yadda Ake Gyara

A fara da abin da ba ya cin kuɗi. A zura waya mai laushi a buɗe ramukan gindin ƙofa da na kwarin waifa da magudanar gefen rufi, a wanke taɓon da ruwa. Sau da yawa wannan kaɗai yake kashe yoyon.

Idan ƙofa ce ta zauna, a gyara maratayanta da maƙullinta kafin a sayi sabuwar roba, domin sabuwar roba ba za ta cike gurbin karkatacciyar ƙofa ba. Robar da ta tsattsage kuwa ba ta da magani sai canji, kuma ana samun irinta a wurin masu sayar da kayan mota, kamar na kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Wasu direbobi suna shafa wa roba baƙin mai ko giris don ta yi laushi. Wannan kuskure ne, domin man da aka samo daga fetur yana kumbura roba ya ruɓar da ita. Ruwan sabulu ya isa wanke ta, gilisarin ko man silikon kuma ya isa tausasa ta.

Gilashin gaba na tsofaffin motoci a cikin roba yake zaune. Idan a nan yoyon yake, gyaran gaskiya shi ne a cire gilashin, a kankare tsatsar firam har sai farin ƙarfe ya fito, a shafa maganin tsatsa mai asid ɗin fosforik, a bi da jan fenti na share fage, sannan fentin gama-aiki. Bayan ya bushe a mayar da gilashin da sabuwar roba. Masu wannan sana'a sukan zura igiya a cikin kwarin robar, su shafa ruwan sabulu, mutum ɗaya yana danna gilashin daga waje da tafin hannu, ɗaya yana jan igiyar daga ciki har leɓen robar ya hau ƙarfe. Motocin baya-bayan nan kuwa da danƙon foliyuretan ake manne gilashinsu, kuma wannan aiki ne na ƙwararre.

Zaɓen danƙo yana da muhimmanci. Danƙon silikon na gine-gine, wanda yake da wari mai tsami idan ana matsa shi, yana fitar da asid yayin da yake bushewa. Wannan asid yana cin ƙarfen da ba shi da fenti, fenti kuma ba ya kama silikon. Danƙon foliyuretan ko na butil ya fi dacewa da jikin mota. Kowane iri aka zaɓa, ba ya kama wuri mai ƙura ko maiƙo ko danshi. Kwalta da sabulu da tsumma suna iya kai mota gida ranar da ruwa ya tare ta a hanya, amma idan aka bar su sukan riƙe danshi a ƙarƙashinsu, tsatsa ta ci gaba a ɓoye.

Ramukan da aka huda a rufi don ɗaura fitilu ko ham ko eriya ko kariya, a kwance notinsu a sa wa kowanne wasar roba da ɗan danƙo. Ramukan da wayoyi suke bi daga ɗakin inji su ma a mayar musu da robobinsu. Inda tsatsa ta huda ƙasan mota, fanel-bita ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfen ya yi waldar sabon faranti. Cike rami da bodi-fila kaɗai ba gyara ba ne, domin yana shan ruwa, kuma girgiza tana fasa shi. Kafin a kunna wutar walda a cire kan batir, a fitar da kafet da soso, a kare wayoyi da bututun mai, a kuma ajiye abin kashe gobara a kusa.

Illar Sakaci

Mai mota zai iya cewa ɗan ɗigon ruwa bai kai a ajiye mota kwana biyu ba. Lissafin ba haka yake ba. Ruwan da ya sauka a kan akwatin fis yana haddasa tsatsa a bakin wayoyi, fitila ko waifa ta ɗauke a tsakiyar ruwa da dare, wani lokaci ma wayoyi su haɗu su yi wuta. Kafet mai danshi yana sa gilashi ya yi hazo daga ciki, direba ya kasa ganin hanya. Tsatsa kuma tana cin wurin da kujera da ginshiƙan ɗaki suke kafe, wato ƙarfen da zai kare mutum ranar hatsari.

Mafi muni shi ne, ramin da ya shigo da ruwa daga ƙasa zai shigo da hayaƙin salansa. A cikin hayaƙin akwai iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana kama jini fiye da yadda oksijin yake kama shi sau 200 ko fiye. Injin fetur ya fi na gas fitar da ita, amma babu wanda hayaƙinsa yake da aminci. Alamunta ciwon kai da jiri da gyangyaɗi. Direban da ya rufe tagogi saboda ruwa, ya bar inji yana aiki, ya kwanta a ciki, yana iya yin barcin da ba a tashi.

Ayyukan Gwaji Don Aji

1. A sami gilasai biyu masu tsabta, a haɗa su, a sa tsinken ashana a gefe guda, a ɗaure da roba. A tsayar da su a faranti mai ruwan shuɗi. Ɗalibai su zana yadda ruwan ya hau, su faɗi gefen da ya fi nisa.

2. A sa ƙusa a kwalabe huɗu: ta farko busasshiya a rufe, ta biyu da ruwan rijiya, ta uku da tafasasshen ruwa wanda aka zuba man gyaɗa a samansa, ta huɗu da ruwan da aka narkar da takin NPK. A duba bayan mako guda.

3. A miƙe robar ɗaure kuɗi guda biyu a jikin katako, a ajiye ɗaya a rana, ɗaya a cikin rufaffen gwangwani a ɗaki. A kwatanta su bayan mako biyu.

Kammalawa

Yoyon kan mota ƙaramar matsala ce da take girma idan aka ƙyale ta. Ruwa yana shiga ne ta hanyar nauyinsa da tsotson siririyar kafa da matsin iska, kuma tsufan roba da zafi da girgiza da tsatsa su ne suke buɗe masa ƙofa. Gano mashigarsa ya fi toshe ta wuya, kuma haƙuri da bin tsari ne suke gano ta. Manomi yakan gyara rufin rumbunsa, magidanci kuma ya yi wa soronsa yaɓe ya share indararo tun kafin hadari ya haɗu. Watan Afrilu, lokacin da ƙarfe yake a bushe kuma fenti yake saurin kamawa, shi ne lokacin da ya kamata mai mota ya yi wa motarsa irin wannan hidima.

Tambayoyi

1. Rufin mota mai murabba'in mita 4 ya sha ruwan sama milimita 25. Lita nawa ta zuba a kansa?

2. Me ya sa ake fara gwajin ruwa daga ƙasa zuwa sama?

3. Idan gudun mota ya tashi daga kilomita 30 zuwa 90 a awa, sau nawa matsin iska a goshinta zai ninka?

4. Kawo dalilai biyu da suka sa yoyo yakan tsananta a ruwan farko na damina.

5. Bayyana yadda tsatsa da yoyo suke taimakon juna.